Lapiya a Tashar Paraku

Bona ta shiga tashar Paraku da sassarfa, murna da fargaba sun haɗe mata. Yau surukarta za ta iso daga Mundu ta ƙasar Cadi, matar da ba ta taɓa gani ba, wadda tun kafin biki ta aiko cewa ita ba ta san da wata 'yar Bargu a gidan ɗanta ba. Shi kuwa ɗan, Jimasra, an tafi da shi Banikwara gyaran injin gurzar auduga. Kalma ɗaya tak ya bar wa matarsa.

"Ki ce mata lapiya. Gaisuwarmu ce, ba mai amsa miki sai ita."

Mutumin da bai san komai ba sai cikin inji, shi ne da wannan tabbaci.

Motoci uku suka sauke mutane a tare. Bona ta hango wata tsohuwa, ta ruga ta durƙusa. "Lafiya, Inna!"

"Lafi bala!" in ji tsohuwar.

Bona ta yi guɗa, ta sure ƙunshinta. Sai ga wani ƙato ya biyo ta yana ihun a tare ɓarauniya. Ashe 'yar Mosi ce daga Burkina, shi kuma ɗanta.

Ta biyu Bayarabiya ce, ta amsa da "Alafiya ni!" Ta uku, Bahaushiya mai goro, ta ce, "Lafiya lau, 'yar nan, ya gida?"

Sabi mai shayi ya riƙe ciki don dariya. "Bona, surukai nawa gare ki? Ki rage wa wasu mana!"

Nan fa musu ya kaure. Bayarabiya ta ce kalmarsu ce, Bahaushiya ta ce aro aka ba su suka hana. Wani mai turare ya ce duk su yi haƙuri, afiya ce ta Larabci, fatake suka yo guzurinta.

"Kakata ba ta taɓa ganin Balarabe ba, da alafiya ta tsufa!" in ji Bayarabiyar.

Bona dai ba dariya take ba. Tasha ta fara watsewa, kuma ta san in surukarta ta kwana a nan, maganar da ta aiko ta tabbata ke nan. Ta tsaya a tsakiyar fili, ta ajiye kunya, ta ƙwala iya ƙarfinta: "Lafiya!"

Tashar duka ta amsa, kowa da harshensa, har da 'yan acaɓa.

Mutum ɗaya ce ba ta amsa ba. Wata doguwar tsohuwa ta tashi daga kan buhunta, ta tako har gaban Bona, ta kama leɓɓanta da yatsu biyu ta haɗe su.

"Pi," ta ce. "La-pi-ya."

Ashe duk ruɗewar nan, Bona da bakin Bargu take gaisuwar. Hawaye suka zo mata. "Lapiya, Inna."

Tsohuwar ta sa ta maimaita, fuska ba walwala. Sannan ta ƙare mata kallo daga sama har ƙasa, ta fashe da dariya. Ta ɗaga buhun da ta hana kowane ɗan dako taɓawa tun daga Mundu, ta ɗora shi a kan Bona, ta kama hannunta.