Shanyar Inna a Bakin Teku

Mahaifina, Baba Sambo, ya ƙare ƙarfinsa yana fiton mutane a gulbin Gummi, amma har ƙafafunsa suka daina ɗaukarsa bai yarda akwai ruwan da Allah ya halitta da gishirinsa ba. Da yayana Junaidu, mai sayar da tsire a wani ƙauyen shaƙatawa gaba da Badagiri, ya aiko mu je mu sha iska bayan babbar Sallah, sai Baba ya kira Inna bakin gadonsa.

"Habsu, ba ni son hula, ba ni son turare. Kihi guda nika so, wanda kinka ga an jawo daga tekun da idonki. In ɗanɗana in ji in gaskiya na."

Inna ta ce ko kifin ya kai jaki girma sai ta kawo shi.

Muka tafi mu uku: ni, da Inna, da mijina Makau, wanda shi ma ɗan bakin gulbi ne, kuma bai taɓa barin kowa ya manta da haka ba. Tun daga tasha yake ba mu labarin ruwa har muka isa.

Kai, duniya da faɗi take! Bukkokin ganyen kwakwa a jere, yashi fari tas, ga iska mai neman tuɓe wa mutum ɗankwali. Inna ta tsaya ta kare ido da hannu ta ce, "Ina ƙetaren?" Makau ya ce yana can, shi yana hangowa. Junaidu ya yi dariya har wuƙar tsirensa ta faɗi.

Ba abin da ba mu taɓa ba. Aka sare mana kan ɗanyar kwakwa muka sha ruwan, muka kankare na cikin da ɓawonta. Muka ci gasasshen kifi da soyayyar ayaba, da wani barkono da ya sa Makau hawaye, yana cewa iska ce. Aka kawo ƙaguwa a faranti, Inna ta ja kujerarta baya ta ce ita ba ta cin kunama ko ta ina aka ɓullo mata. Ta ga 'yan Legas kwance a rana sun shafe jiki da mai, ta tambayi Junaidu ko jinya suke yi. Ni kuwa na tara ƙwanson wuri cike da jaka kamar wata ƙaramar yarinya, ban ji kunyar kowa ba. Abu ɗaya ne Inna ta ƙi: ko yatsan ƙafarta ba ta yarda ya taɓa ruwan ba. Ta ce ruwan da ke zuwa yana komawa, yana huci ba wanda ya taɓa shi, ba na wasa ba ne.

Ranar da za mu kwana mu tafi, muka tafi wurin masunta da hantsi. Maza da mata sun kama igiyar koma, babbar ragar kamun kifi, suna ja suna waƙa, Inna ta ɗaure gyale a ƙugu ta shiga layi, tana amsa waƙar da ba ta san kanta ba. Da koma ta fito ta ɗora hannu a kan wani jibgegen kifi mai jan baki ta ce, "Wanga na na Malam." Ta fede shi da kanta. Ta ƙi sa masa gishiri, don kada Baba ya ce an yi masa dabara.

Sai ta yi yadda kowace mace take yi a Gummi. Ta nemi yashi mai santsi kusa da ruwa, ta shimfiɗa tabarma, ta shanya kifin, ta rufe da tsohuwar raga saboda tsuntsaye, ta danne da duwatsu. Wata mai sayar da kifi ta zo tana nuna teku, tana nuna tabarmar, tana magana da yarensu da ƙarfi. Junaidu yana can wurin tsirensa, ba mai fassara. Makau ya gyara tsayuwa, ya nuna mata sama.

"Baiwar Allah, duba. Ko ɗigon hadari babu. Ruwa ba shi tasowa sai an yi ruwa bisa tudu. Mu munka san ruwa."

Matar ta tafa hannu ta yi tafiyarta. Mu ma muka yi tamu, domin a garinmu maganar Makau gaskiya ce.

Muka hau dokin haya, Makau ya zamo ta wuya. Muka shiga kwalekwale a rafin bayan ƙauyen, ban da Inna, muka ɗauki hotuna har wayata ta cika. Sai bayan la'asar muka dawo muna tafe muna dariya, muka tarar teku ya taso, wurin shanyar ya zama ruwa. Can gaba, tabarmar Inna ce ke hawa tana sauka.

Ban san Inna tana da gudu ba sai ranar. Ta zubar da takalma ta afka tana ihu, "Kihin Malam! Ɓarawo! Maido man!" Igiyar ruwa ta farko ta kai mata gwiwa, ta biyu ta ɗauke ta cak ta ajiye ta zaune a kan yashi. Ta tashi ta koma. Aka sake maido ta, wannan karon da tabarmar a ka, ba kifi. Ta tofar da ruwa, ta zaro ido ta ce, "La ilaha! Da gishiri!" Sai ta fashe da dariya, mu ma muka zube muna riƙe ciki. Makau dai yana tsaye yana duban sama, yana neman hadari.

Washegari a mota dariyar ta ƙare. Masunta ba sa jan koma sai da hantsi, mu kuwa da asuba muka tashi. Inna ta ƙi sayen bandar kasuwa, ta ce ba za ta yi wa Malam ƙarya ba. Tausayinta ya kama ni, domin har muka wuce Kwantagora tana rungume da ƙullin kayanta.

Muna shiga gida Baba ya ɗago kai ya ce, "Ina kihina?"

Inna ta zauna bakin gadon. Ta kwance ƙullin ta fito da gyalen da ta faɗa ruwa da shi. Ashe ba ta wanke ba, ya bushe ya yi ƙarar-ƙarar, duk ya yi fari.

"Mai kihin ya amshe abinai, Malam. Amma na shiga har ɗakinai na yi kokawa da shi. Buɗe baki."

Ta sa masa gefen gyalen a harshe. Baba ya yi ta tsotsa, idonsa a rufe. Can sai kafaɗunsa suka fara rawa, dariya ta ƙwace masa, hawaye na bin gemunsa.

"Habsu, ashe gaskiya na. Ke, da ba ki ko shiga kwalekwalena, kinka shiga wanga?"

"Sau biyu."

Ya riƙe gyalen da hannu biyu ya tura shi ƙarƙashin matashinsa, ya ce duk wanda ya kai shi wanki bai yafe ba.