Layin da Muke Shukawa Don Ya Mutu

A wurin aikinmu, shekarar da gona ta yi kyau shekarar asara ce. Na san maganar ba ta shiga kunne, shi ya sa na daina yi wa mutanen gidanmu bayani. In an tambaye ni sai in ce a cibiyar binciken noma nake, su gyaɗa kai, a wuce wurin. Gaskiyar magana, shekara goma sha ɗaya ke nan ina kiwon cuta. Akwai wata cutar gyaɗa da manoma ke kira kuturta: ganye ya yi rawaya ya nannaɗe, tsiron ya tsugune wuri ɗaya, ranar cira ka ɗago shi babu ko ƙwaya. Wasu ƙananan ƙwari masu tsotsar ganye, darɓa, su ke ɗaukar ta daga wannan tsiro zuwa wancan. To ni ce mai kiwon darɓar a ɗakin gilashi, ina lallaɓa su kamar 'yan tsaki.

Wanda nake yi wa aikin dattijo ne da kowa ke kira Baba Mai-ambulan, saboda aljihunsa ba ya rabo da ƙananan ambulan na iri, kowace da lambarta da fensir. Shekara bakwai ya yi yana ɗaura wa furannin gyaɗa aure. Da la'asar ya durƙusa da hantsaki ya gyara fure, da sassafe ya dawo ya shafa masa garin wani furen ya ɗaura zare, duk don ya sami iri ɗaya da kuturta ba za ta kayar ba. Daga ɗaruruwa ya tace, ya sake tacewa, har saura sittin. Wannan daminar ce ta ƙarshe da zai gane wanne ne a cikinsu, domin a ƙarshen shekara zai ajiye aiki, kuma filin gwajin ma an riga an auna shi za a gina ɗakin taro.

Yadda ake gane mai juriya ba wani tsafi ba ne. Sai ka shuka layi ɗaya na sabon iri, ka bi shi da layi ɗaya na wata gyaɗa da muke kira Raguwa, wadda ko kallon banza cuta ta yi mata sai ta kwanta. A cikin layin Raguwa muke dasa tsirrai marasa lafiya daga ɗakin gilashi, da darɓarsu da komai, mu bar cuta ta ci kasuwarta. Wanda ya tsaya kore a tsakiyar gawarwaki shi ake nema. Sabbin irin fegi fari ne da lamba a bakin layinsu, Raguwa kuwa fegi ja. Kowane iri kuma sau uku ake shuka shi, a wurare uku cikin filin, don Baba ya ce abin da aka gani sau ɗaya ba a gan shi ba tukuna, yana iya yiwuwa darɓa ce kawai ba ta bi ta wurin ba.

Ana cikin haka aka kawo mana sabon shugaba. Mai-kwat muke ce masa in ya ba da baya, don ko rana za ta narka kwalta ba ya rabuwa da kwat. An ce dakta ne a ilimin ƙasa da taki, ban musa ba, takardun suna nan jere a bango, ya sa musu gilashi. A kan teburinsa akwai kwalabe shida na ƙasa kala-kala da masinja ke gogewa kullum, kuma iyakar ƙasar da na taɓa ganin ya kusanta ke nan. Zagayen gona a mota yake yi, gilashi a rufe, yana nuni da biro. Takardar tsarin gwajinmu shi ya sa mata hannu da kansa, da wani sa hannu mai jela wanda ya cinye rabin shafi, amma ko layin farko bai karanta ba.

Mako biyu da dasa marasa lafiyar, cuta ta fara kankama yadda muke so, sai ga takarda wai ni da Baba za mu tafi bita ta kwana uku a kan yadda ake cike fom. A makon ne kuma labari ya zo cewa masu ba cibiyar tallafi za su kawo ziyara nan da wata guda. Mai-kwat ya fito zagayensa, ya hango rawaya-rawaya a filinmu, ya sa aka tsayar da mota. Mutum ne da duk karatunsa abu ɗaya ya koya masa: ganye in ya yi rawaya, yunwa yake ji. Da direba ya ce masa kamar akwai ƙwari ma a jiki, sai ya ce sakaci ya kai sakaci. Nan take ya ba da umarni uku: a tuge duk tsiron da ya yi rawaya a ƙone, a zuba taki, a yi feshin maganin ƙwari mai daɗewa a jikin ganye. Da aka gaya masa akwai wani ɗakin gilashi da ƙwarin suka cika, ya ce a fara da can.

Na dawo na buɗe ɗakin gilashi, warin magani ya buge ni. Darɓar da na yi shekaru ina riritawa duk sun bushe a kan ganye. Ban ɓoye ba, kuka na yi, kukan baƙin ciki, kuma da na tuna a kan ƙwari nake yi sai haushi ya ƙaru. Baba kuwa ya wuce gona. Ya tsaya a bakin fili yana kallon layuka tsaf-tsaf kamar an yi musu aski, ya daɗe, sannan ya ce mu je ofis.

Mai-kwat ya tarbe mu da fara'ar wanda ke jiran godiya. Baba ya zauna ya yi masa bayani dalla-dalla, yadda ake yi wa ɗan aji ɗaya, cewa cutar mu muka kawo ta, da gangan, kuma in babu ita babu gwaji. Yana saurare yana juya biro. Da Baba ya gama sai ya ce shi dai a saninsa cibiyar bincike ba asibitin kutare ba ce, kuma ba zai tara manyan baƙi ya nuna musu gonar da ko manomin ƙauye zai ji kunyarta ba.

"Yallaɓai, sittin ne," in ji Baba. "Yanzu duk za su yi kore. Ta yaya zan san wanne ne?"

"To ai ka ga ci gaba ke nan, Baba. Da ɗaya kake nema, yanzu ga sittin."

Har da dariyarsa. A sake sa cutar kuwa ba zai yiwu ba: babu darɓa, maganin zai yi makonni a jikin ganye, kafin ya sake su kuwa, gyaɗa ta girma ta wuce lokacin gwaji. Muka fito, Baba yana ta shafa aljihunsa kamar mai neman wani abu.

Mai feshinmu wani ne da ake kira Sai-gobe, sunan da ya samu da guminsa, in ma yana gumi. Shekara goma sha ɗaya ina raina mutumin nan. In ya goya tankin feshi sai ka ce an ɗora masa gawar raƙumi, kuma bai taɓa kai aiki ƙarshe ba. Kwana goma bayan abin, na bi ta ƙarshen fili, can kusurwar da ke bakin kwalbati inda mota ba ta zuwa, sai na ga rawaya. Layi goma sha ɗaya, biyar masu farin fegi, shida masu ja, ba a tuge ba, ba a fesa ba, cuta tana ta shagalinta. Da na tambaye shi sai ya hau rantsuwa wai tanki ne ya ƙare, ya ce zai ƙarasa washegari. Na ce masa in ya kuskura ya ƙarasa, ni da shi ne. Tun da nake ban taɓa ganin umarnin da ya karɓa da farin ciki irin wannan ba.

Kullum da safe sai mu zagaya ta bayan rumbun iri mu je kusurwar, ni da Baba. Raguwa ta kwanta, kamar yadda ta saba. Huɗu daga cikin biyar ɗin suka bi ta ɗaya bayan ɗaya. Lamba talatin da ɗaya kuwa ta tsaya kore shar, darɓa na yawo a kanta, ko gezau. Baba ya durƙusa yana juya ganyen ɗaya-ɗaya. Na ce masa, Baba, ita ce. Ya ce mai yiwuwa. Na ce wane irin mai yiwuwa, ga ta nan muna gani? Ya ce sauran wurare biyun da aka shuka ta an fesa su, don haka sau ɗaya ya gani.

Ana gobe baƙi za su zo Mai-kwat ya gano kusurwar. Lokacin tugewa ya ƙure, sai ya sa aka kafa sanduna aka ɗaura wani makeken ƙyalle mai ɗauke da hotonsa, yana murmushi riƙe da damin gyaɗar da ban san inda ya aro ta ba. Duk abin da ya rage na aikin shekara bakwai ya koma bayan haƙoransa.

Baƙi suka zo mota huɗu. Filin ya sha taki, ya yi kyau irin na kalanda, suna ta ɗaukar hoto. Mai-kwat, cikin sabon takalmin roba da ko ƙura bai taɓa gani ba, yana ta zuba jawabi a kan nasarar da aka samu ƙarƙashin jagorancinsa. A cikinsu akwai wata mata mai ƙaramin littafi, ba ta tafa masa, rubutu kawai take yi. Ita ce ta tambaye shi wanne ne a cikin layukan ya fi jure cutar. Ya waiga ya duba, ya zaɓi layin da ya fi kowanne tsayi da yabanya, ya nuna da biro. Raguwa dama haka take, in ba cuta ba wanda ya kai ta kyau. Ya ce mini, Malama, karanta wa baƙi lambar. Na dubi fegin, ja ne.

"Ranka ya daɗe, ba ta da lamba," na ce. "Wannan ita ce wadda muke shukawa don ta mutu."

Matar ta rufe littafinta ta ce to ina cutar take, tunda ita tun da ta shigo ba ta ga tsiro ɗaya marar lafiya ba. Baba ya taka a hankali ya je ya ɗaga gefen ƙyallen. Suka bi shi suka leƙa: layuka goma a ƙone, ɗaya kore a tsakiya.

Na ɗauka ƙasa za ta tsage Mai-kwat ya shige. Ina! Ban san irin mutanen nan ba ashe. Kafin matar ta gama kallo har ya zagayo gaba ya tsaya kusa da lamba talatin da ɗaya, yana cewa ai dama abin da ya ɓoye musu ke nan don ya zama na ƙarshe, wannan kusurwar shi ya ce a keɓe ta musamman. Aka tafa. Aka ɗauke shi hoto a tsugune, ya kama ganye da yatsa biyu kamar zai cije shi. Matar ta yi wa Baba tambaya biyu, tana shirin ta uku aka ce abinci na hucewa, suka ɗunguma.

Bayan mako guda ya kira mu ofis. Ga takarda an buga tsaf, ta shaida cewa lamba talatin da ɗaya iri ne mai jure kuturta, a rubanya shi a raba wa manoma. Saura sa hannun masanin da ya yi gwajin. Ya tura wa Baba biro, murya ƙasa-ƙasa, ya ce har sunansa za a sa wa irin, ya tafi gida da abin nuna wa jikoki. Wallahi a raina roƙonsa nake ya sa. Na san gwiwoyin da suka durƙusa shekara bakwai, na san idon da ya tsufa a kan furen da bai kai ƙwayar shinkafa ba.

Baba ya karanta takardar tun daga sama har ƙasa, abin da ba a saba yi a ofishin nan ba, sannan ya mayar da biron.

"Yallaɓai, sau ɗaya na gani. In darɓa ce ta yi mata gata, manomi ne zai gane, a gonarsa, bayan ya shuka abin da zai ci."

Mai-kwat ya ce wannan ai taurin kai ne irin na mutanen da. Ya jawo takardar, ya yi sa hannunsa mai jela a inda aka bar wa Baba, a gabanmu, ko kunya.

Ranar da Baba zai tafi an yi masa ɗan taro, aka ba shi agogon bango. A bakin ƙofa ya ciro ambulan ɗaya ya danƙa mini, ƙwaya arba'in da ya cire da hannunsa daga kusurwar. A bayanta da fensir ya rubuta: "31. An gani sau ɗaya. Saura biyu." Ya ce, 'yata, in kin sami darɓa. Ya rungumi agogonsa ya tari mota.

Yanzu an zuba kankare a filin. Sabon irin yana cikin buhuna da hoton Mai-kwat a jiki, kuma ni ina ganin gyaɗar mai juriya ce da gaske, na gan ta da idona. Abin da ke hana ni sukuni ke nan: mai yiwuwa gaskiya ya sa wa hannu, shi da bai san ja da fari ba, wanda ya san ta kuwa ya tafi gida da agogo.