Shirun Ɗakin Malam Nata'ala

"Kowa ya tsaya inda yake," in ji Zubaida. "Minti ɗaya kawai nake so. Ko tari kada wanda ya yi."

Ta ɗaga sandar makirufo, ta gyara hedifon a kunnenta, ta danna maɓallin na'ura. Mutum huɗu suka daskare a gabanta: Tajuddeen darakta, Fa'izu mai kyamara, da Aminu da Bahijja waɗanda za su fito a miji da mata. Abin da take ɗauka shi ne shirun ɗaki. Malam Hambali, malaminsu na sauti a makarantar koyon fim, ya shafe zango guda yana nanata cewa kowane ɗaki da irin shirunsa, kuma shi ake shimfiɗawa a ƙarƙashin magana don kada mai kallo ya ji inda aka yanke aka haɗa. Dokokinsa biyu ne: a ɗauki shirun kafin a fara komai, sannan a rubuta a takarda mutum nawa ne a ɗakin, domin jikin mutum yana canza shiru.

Ɗalibai suna yi wa wannan dariya a bayan idonsa. Zubaida ma ta yi. Zangon da ya wuce ta manta ba ta ɗauki shirun wani shago ba, sai ta ari na ajinsu ta liƙa. Malam Hambali ya saurara na daƙiƙa huɗu ya ce, "Wannan aji na biyu ne, kusa da taga," ya kayar da ita. Makarantar ba ta ba da dama ta uku. Babanta kuwa har ya fara yi mata zancen wani gurbin koyarwa a firamare, cikin tattausar murya irin ta wanda ya gama yanke hukunci.

Daƙiƙa goman farko lafiya lau. Ɗakin na ƙasa ne, mai kaurin bango, a ƙarshen wani lungu na Zaitawa da ko A Daidaita Sahu ba ya iya shiga. Sai ta ji wani abu. Tsuk. Sannan wani siririn sauti mai tsawo, kamar ana jan zare ta cikin yadi. Tsuk kuma. Koren layin da ke fuskar na'urar yana ɗan tsalle tare da shi.

Ta tsayar. "Wa yake susa?"

"Ni ko numfashi ban yi ba," in ji Aminu.

"Gara ce," Tajuddeen ya ce, yana nuna rufi. Tun da ya ga hoton wani darakta a intanet yake naɗa mayafi a wuya, har a zafin Afrilu. "Kin ga azarar nan? Ta girmi Najeriya. Mu ci gaba."

Ba su ci gaba ba. Bahijja ta cire awarwaronta, Aminu ya cire agogo, aka tara wayoyi aka kai waje. Zubaida ta canza wayar makirufo, ta canza batir, ta sake ɗauka. Tsuk, ja. Tsuk, ja. A karo na uku, kusa da ƙarshen mintin, wani ya yi gyaran murya daga kusurwar da ke ƙarƙashin taga, inda babu komai sai tsohon buzu da kwandon zare. Da kunne ba a jin komai. A hedifon kaɗai yake.

Ta miƙa wa Fa'izu. Ya saurara, ya cire hedifon a hankali kamar zai fashe, ya mayar mata.

"Gara ba ta gyaran murya," ya ce.

"Saura minti arba'in a kira azahar," in ji Tajuddeen. "Masallaci biyar ne a unguwar nan, kowanne da lasifikarsa. Hasken tagar nan ma tafiya zai yi. Ki je wani ɗakin ki ɗauko shirunki, wa zai sani?"

"Ka san wanda zai sani."

Ta fita soro. Gwaggo Baraka, yayar babanta, tana zaune tana tsince shinkafa a faifai. Ɗakin na mijinta ne, Malam Nata'ala maɗinkin hula, wanda ya rasu shekara biyu da suka wuce. Da safe ta ba su aronsa bisa sharaɗi ɗaya, a yi sallama kafin a shiga. Tajuddeen ya ce to, sannan ya shiga da baya yana jan ƙafafun kyamara yana bayanin yadda yake son haske. Sauran suka bi shi. Zubaida ma, da kaya a hannu biyu, ta bi.

"Gwaggo, saurari wannan."

Tsohuwar ta ɗora hedifon a kan ɗankwalinta. Fuskarta ba ta canza ba, sai dai hannunta ya tsaya a cikin shinkafar.

"Hular wani Alhaji ce na Ƙofar Mazugal," ta ce. "Bai ƙarasa ta ba." Ta cire, ta dubi Zubaida. "Kun yi sallama?"

Sauran sun fito sun tsaya a bakin ƙofa.

"Shi ya sa," in ji Gwaggo. "Shekara arba'in da ɗaya na yi da shi. In mutum ya faɗo masa ba sallama, ba ya faɗa, ba ya kora. Ci gaba yake da ɗinkinsa kamar ba a halicci mutumin ba. Har dagaci ya yi wa haka. Amma in ka yi sallama, sai ya soke allurar a jikin hula ya saurare ka."

"Gwaggo, ba raini ba," in ji Tajuddeen, "mu fa aikin kimiyya muke yi."

"To ku yi ta," ta ce, ta koma kan shinkafarta.

A makaranta an koya musu cewa darakta ne shugaba, amma in ana ɗaukar shiru, mai sauti ce take da ɗaki. Zubaida ba ta taɓa amfani da wannan ikon ba.

"Kowa ya cire takalmi," ta ce. "Ɗaya bayan ɗaya."

Ita ta fara. Ta tsaya a bakin ƙofa ta yi sallama ga buzu da kwandon zare, ta ɗan jira gwargwadon yadda ake jiran amsa, ta shiga. Fa'izu ya yi, har da rusunawa. Bahijja ma ta yi. Aminu ya ƙara da "Barka da aiki, Malam," sannan ya yi kamar bai faɗa ba. Tajuddeen ya zo ƙarshe, ya yi gunguni cikin mayafinsa.

"Da ƙarfi, ɗan nan," Gwaggo ta ce daga soro. "Kunnensa na hagu ba ya ji sosai."

Ya maimaita da ƙarfi. Kowa ya koma inda yake tsaye ɗazu. Zubaida ta danna maɓallin.

Koren layin ya kwanta. Babu tsuk, babu ja. Ta taɓa jin shiru iri-iri a cikin hedifon nan, na aji, na ofis, na masallaci bayan an watse. Wannan ba irinsu ba ne. Shiru ne na wanda ya ɗago kai yana jira ka faɗi abin da ya kawo ka. Sandar ta yi mata nauyi, amma ba ta bari ta motsa ba. Ta ƙirga sittin, ta ƙara goma.

"Ya yi," ta ce, da ƙyar.

"Ba ya daɗewa da baƙi," in ji Gwaggo. "Ku yi abin da ya kawo ku."

Tajuddeen, wanda bai taɓa yarda da ɗauka ƙasa da sau goma sha bakwai ba, ya ɗauki fitowar sau ɗaya ya ce ta yi kyau. Aminu da Bahijja sun yi faɗan miji da mata cikin ladabin da rubutun bai nema ba. Aka naɗe kaya ba hayaniya, aka fita da gaba, ba da baya ba.

Zubaida ce ta ƙarshe. Hedifon yana kunnenta, na'urar tana kunne. Ta tsaya a bakin ƙofa.

"Mun gode, Malam. Mun bar ka lafiya."

Daƙiƙa biyu, uku. Tsuk. Sannan dogon jan zaren, ba gaggawa. Daga nesa lasifikar farko ta fara kiran azahar, ta rufe komai.

A soro ta zauna kusa da Gwaggo ta ciro takardar da za ta miƙa tare da sautin. Wuri, Zaitawa. Lokaci, sha biyu da rabi. Adadin mutane a ɗaki, tun da safe ta rubuta biyar. Ta daɗe tana kallon lambar, tana tuna kunnen Malam Hambali. Sannan ta soke ta, ta rubuta shida.

Tajuddeen ya leƙo ta kafaɗarta. "Kin yi kuskure. Mu biyar ne."

"To gyara," ta ce, ta miƙa masa biron.

Ya dubi biron, ya dubi ƙofar ɗakin. Sai ya sunkuya ya shiga neman takalminsa.

"In kun gama ku ja masa ƙofar," in ji Gwaggo. "Iska tana hargitsa masa zare."