Rubutun Kan Kwalaben Magagi

Dija ta ajiye kwanon kunu, idonta na kan kwalaben da ke jere ƙarƙashin gadon maƙwabcinta Magagi. Kowace da ruwan rijiya a ciki, kowace da rubutu: ARN 16S.

Shekara talatin ya yi yana aiki a ɗakunan gwaji na ƙasar waje, ya dawo Filingué ba mata ba ɗa, sai tari. Tun da aka gan shi yana bin rijiyoyi da kwalabe aka sa masa ido. Jibo, mijin Dija, wanda ya yi aji uku a lakkwal, makarantar boko, shi ya karanta wa unguwa rubutun: arna goma sha shida. Liman ya ce in haka ne, shi ba ya sallatar gawar Magagi in ya mutu.

"Baba Magagi, su wane na arnan?" ta tambaya. "Mu, ko abokan tsahinka?"

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

"Jibo ya karanta, ko? Ba arna ba ne, ɗiyata. A-er-en. Kowace ƙwayar cuta na da ɗan injin da take ƙera jikinta da shi. A ƙaramin ɓarin injin akwai wani zare. Kamar tsagen huska yake. In an karanta shi a Yamai, an san dangin ƙwayar."

"To sai mi?"

"Sai a san rijiyar da ka sa yaranku zawo."

Dija ta tuna Haske, autarta, da ta kwana uku kwance. Ba ta ce ta yarda ba.

"Wace kake zato?"

"Ta bayan masallaci. Ki hwaɗi, ki ga ko ba su jehe ki ba."

Jibo kaɗai Dija ta gaya wa. Ranar Lahadi, ana cikin cin kasuwa, Magagi ya cika.

Maza suka tsaya nesa, kowa na duban liman. Dija ta leƙo ta bayan zana.

"Jibo, aji uku gare ka. Rantse kan abin da ka karanta."

Jibo bai rantse ba. Ya ɗauki bidon biyu don ruwan wankan gawa. Liman ya gyara rawani, ya bi shi da ido.

Rijiyar masallaci na nan taku ashirin. Jibo ya wuce ta, ya nufi famfon bakin hanya.