Malam Kyari a Bayan Shanu

Likitan da ya duba Malam Kyari saboda tafiya aikin Hajji bai ɓoye masa komai ba. Zuciyarsa lafiya lau, amma 'yar matakalar da aka sa shi ya hau ta bar shi yana haki. Likita ya ce ya riƙa tafiya a ƙasa, ya dawo kafin a fara jigilar maniyyata. Idan juriyarsa ba ta ƙaru ba, sai dai a tura shi a keken marasa lafiya wurin ɗawafi. Shi kuwa tsohon hedimastan, burinsa ya zagaya Ka'aba da ƙafarsa.

To, tafiya a ƙasa ba ta yiwuwa ga irinsa a Kazaure. Da ya fito, sai wani tsohon ɗalibinsa ya tsayar da babur, ya sauko ya durƙusa.

"Malam, ina raye za ka taka ƙasa? Hau in kai ka."

Kunya ba ta barinsa ya ƙi. Sai ya hau, ya ce kasuwa, don kada a ce ba shi da wurin zuwa.

Da ya gaji, sai ya koma hawan dutsen bayan gidansa, inda babur ba ya zuwa. Yakan hau da sauri don ya rama abin da ya rasa, ya sauko, ya kwana biyu yana jinyar cinyoyi. Wata ranar da yamma ya ce wa 'yarsa Mu'minat, mai koyar da ilimin halittu a sakandare, shi ya haƙura, jikin ya ƙi.

"Baba, jikin bai ƙi ba, gaggawa ka yi masa," in ji ta. "A cikin tsoka akwai wasu ƙananan abubuwa, mu muna ce musu maitokondiriya. Kamar murhu suke, su ke ƙona abinci da iskar da ka shaƙa su ba ka ƙarfi. Tafiya mai tsawo a hankali, kullum, tana ƙara yawansu. Hawan dutse ma yana yi, amma ba yanzu ba, tunda kwantar da kai yake yi."

"Yaya zan san a hankalin ya yi daidai?"

"In kana iya hira kana tafiya, ya yi."

"Ina zan yi ta? Yaran nan ba za su bar ni ba."

Ita ta tuna masa da Daudu, tsohon amininsa Bafulatani da ke kiwo a wajen Roni. Can babu ɗalibansa.

Daudu ya tarbe shi da dariya, don tsakanin Bafulatani da Babarbare irin Malam Kyari ba a rasa tsiya.

"Yau Babarbare ya zo neman aiki wurin ubangidansa. Albashinka nono ne, ka ji."

"Duba lafiyar shanun na zo yi, an ce mai su ya tsufa."

Da farko rabin hanya yake bin garken, ya zauna a gindin marke har su dawo. Shanu ba sa sauri, ba sa kuma daɗewa a tsaye. Sannu a hankali zaman ya ragu. Idan Daudu ya ji ya yi shiru, sai ya rage tafiya ya tsokane shi har ya tanka. Mu'minat takan kira ta tambayi gwiwoyinsa, daga baya ta ce ya riƙa ɗan ɗaga ƙafa a hawan tudu, jifa-jifa.

Da lokaci ya yi, ta raka shi asibiti. Ya hau matakalar ya sauko, ya sake hawa, yana ba likita labarin wata saniya mai taurin kai. Likita ya saurari ƙirjinsa, ya ajiye abin awon.

"Malam, ba ka bukatar keke. Ka dai riƙa shan ruwa sosai a can, kada ka shiga turmutsutsu."

Malam Kyari ya sauke ajiyar zuciya, ya yi hamdala a hankali. Mu'minat ta ɗauko hularsa, ta ɗora masa ita da kanta.