Koren Ɗigo a Fuskar Mama Rita

Rilwanu yana da ɗan shago kusa da tashar mota a Talata Mafara, inda yake haɗa bidiyon biki da na suna. Kwamfutarsa tsohuwa ce, wutar sola take sha, da zarar rana ta yi sanyi batirin ba ya iya ɗaukarta.

Aikin da ke gabansa a wannan mako ya fi kowane muhimmanci a wurinsa. Malam Bitrus, wanda ya koya masa lissafi a firamare a Bakura, ya yi ritaya bayan shekara talatin da biyar, tsofaffin ɗalibansa kuma sun shirya masa taro ranar Asabar da hantsi. 'Yarsa Justina, ma'aikaciyar jinya, ita ta kawo hotuna don a haɗa bidiyon tarihinsa. Sai ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci ta zo da guntu na ƙarshe a filash.

"Malam Rilwanu, wannan shi kaɗai ne bidiyon Mama da ya rage mana. Baba bai san na samo shi ba. Ka sa shi a ƙarshe."

Mama Rita, matar Malam Bitrus, ta rasu shekara shida da suka wuce. A bidiyon tana zaune a tsakar gida tana tsince shinkafa, tana yi wa mai ɗaukarta dariya.

Rilwanu ya jera komai, ya danna don kwamfuta ta fitar da bidiyon. Ta nuna masa aikin zai ɗauki awa biyar. Hasken ranar da ya rage bai kai awa huɗu ba. Ya kira abokinsa Anas, mai gyaran kwamfuta a Maradun.

Anas ya ce akwai dabara. Katin girafik, wato ɓangaren da ke sarrafa hoto, ana iya ƙara masa gudu fiye da yadda kamfani ya saita shi. Ya turo masa manhajar, ya yi masa bayani.

"Amma ka bi a hankali. Ka ƙara sha biyar a ma'aunin gudun, ka gwada na tsawon lokaci, sannan ka sake ƙarawa. Idonka kan zafi, kar ya wuce digiri tamanin. In ka ga ɗigo ko zane a allo, koma baya nan take. Kuma ba wani sauri mai yawa za ka samu ba, na gaya maka."

Rilwanu ya ƙara sha biyar, ya jira minti biyu, bai ga komai ba. Ya dubi agogo. Sai ya ja ma'aunin ya kai ɗari biyu gaba ɗaya, ya ja na ƙwaƙwalwar katin ma har kusan ƙarshe. Fankar katin ta fara kuka kamar injin markaɗe. Watan Afirilu ne, rufin shagon kwano. Ya ga lambar zafin tana hawa, ya kau da kai, ya jawo fankar tebur ya saita ta a kan akwatin kwamfutar.

Aikin ya ƙare kafin magariba, batirin na gab da mutuwa. Ya kalli minti uku na farko, komai tsaf. Ya kwafe a filash ya kashe.

Washegari zauren makarantar ya cika. Malam Bitrus yana layin gaba da farar riga da gilashinsa mai kauri, domin idanunsa sun daɗe suna ba shi wahala. Aka rufe tagogi, Rilwanu ya kunna majigi. Mutane suna ta tafi, suna kiran sunayen juna a tsofaffin hotuna.

A minti na ashirin Rilwanu ya ga wani ɗan koren ɗigo ya gilma a kusurwa. Ɗigon ya zama biyu, ya zama goma. Lokacin da Mama Rita ta bayyana, muryarta ta fito tar, amma fuskarta ta tarwatse, koraye da jajayen murabba'ai suna rawa a kanta.

Malam Bitrus ya cire gilashinsa ya goge da bakin riga, ya mayar. Ya sake cirewa. Ya lalubo hannun 'yarsa.

"Justina, muryar uwarki nake ji, amma ba na ganin fuskarta. Idon ne ya ƙarasa?"

"A'a Baba, ba idonka ba ne," ta ce, tana kuka.

Bai yarda ba, ya ɗauka lallashinsa take yi. Rilwanu ya tsayar da bidiyon, ya zo ya durƙusa a gabansa, kowa na kallo.

"Malam, idonka lafiya lau. Duk wanda ke nan abin da ka gani ya gani. Ni na matsa wa na'ura don in gama da wuri, kuma ban duba aikin har ƙarshe ba. Laifina ne."

Tsohon ya dube shi. "Bidiyon nata ya lalace ke nan?"

"Na asalin yana nan, Malam. Ba abin da ya same shi."

Malam Bitrus ya gyaɗa kai. Aka ci gaba da jawabai, amma taron bai sake yin armashi ba.

Ranar Lahadi tun da safe Rilwanu ya mayar da katin yadda yake, ya bar shi ya yi awa biyar ɗinsa, ya zauna ya kalli bidiyon daga farko har ƙarshe. Ya fito lafiya. Da la'asar ya hau mashin ya kai Bakura.

Justina ce ta fito ƙofar gida. Ta karɓi filash ɗin ba tare da ta dube shi ba.

"Baba ya kwanta, tun jiya jininsa ya hau. Zan nuna masa in ya ji sauƙi."

"Zan iya gaishe shi?"

"Ba yau ba, Malam Rilwanu."

Bayan mako biyu ta aiko masa da saƙo cewa Baba ya kalla sau uku a wayarta, ya ce a gode masa. Rilwanu ya karanta, ya ajiye wayar. Har damina ta faɗi bai samu ƙarfin zuciyar komawa gidan ba.