Goɗiyar Mai Gidan Burodi

Mai gidan burodi ya sayi goɗiya ne saboda autarsa ta ce tana so. Ya sa aka gina barga a bayan ɗakin gashi, ya damƙa dabbar a hannun yayan matarsa. Kawu, kamar yadda kowa ke kiransa, ya shekara talatin yana aikin dawaki kafin ƙafarsa ta lalace ya dawo zaman gidan ƙanwarsa.

Auta ba ta taɓa hawan goɗiyar ba. Ita dai ta kafa waya, ta miƙa mata kek ko cakulan, ta ɗauki yadda take lashe leɓe, ta watsa mutane su kalla.

"Auta, cikin doki ba irin namu ba ne," in ji Kawu. "Ba ta iya amai. Abin da ya shiga ya shiga. Ciyawa da dusa sun ishe ta."

"Kai Kawu, kai ma in an miƙa maka ai baki kake buɗewa," ta ce. Ma'aikata suka kwashe da dariya.

Ya kai ƙara wurin uban. Mai gidan burodi bai ko ɗago kai ba. "Dokinka ne ko nata? Kai dai kwashe kashi."

Wata safiya injin gashi ya tsaya, aka bar baho guda na kwaɓin fulawa yana ta tashi. Kawu ya tafi sayen ciyawa. Auta ta sa aka kinkimo bahon zuwa barga, ta ɗauki bidiyon goɗiyar tana tsoma baki har hanci, kwaɓin na jan zare a gemunta. Sai da ta kusa share shi.

Da Kawu ya dawo ya tarar da goɗiyar jiƙe da gumi, tana tonon ƙasa, tana waiwayen cikinta da ya tashi kamar an hura. Ta faɗi ta yi birgima. Ya ɗaga ta da ƙyar, ya yi ta zagaya fili da ita yana ɗingishi, yana mata magana a kunne, har likitan dabbobi ya iso da la'asar.

Likita ya kara kunne a cikin, ya girgiza kai. "Hanji ya murɗe. Ba abin da zan yi sai in hutar da ita. Wa ya ba ta ɗanyen kwaɓi?"

Auta ta sunkuyar da kai tana danna waya. Ma'aikata suka zuba wa bango ido.

"Tambayi mai kula da ita," in ji mai gidan burodi.

Kawu ya buɗe baki, sai ƙanwarsa ta ja shi gefe. "Yaya, don Allah ka ce kai ne. Ka san halinsa. In ka ambaci yarinyar nan, ni ma yau ba zan kwana a gidan nan ba."

Ya koma wurin likita. "Ni ne."

"Da girmanka?" in ji likita. "Wannan ai mugunta ce, tsoho."

Kawu ne ya riƙe kan goɗiyar a cinyarsa aka yi allurar. Ta ja numfashi biyu masu nauyi, ta saki jiki. Bai ko zare hannunsa ba mai gidan burodi ya ce, "Ka tattara kayanka. Amma sai ka haƙa mata rami tukuna, ba zan ɗauko lebura a kan ɓarnarka ba."

Ya yi haƙan shi kaɗai, ƙasar kuma da tauri. Ba wanda ya kawo masa ruwa. Da ya gama ya ɗauki jakarsa ya bi ta ƙofar baya. Yana wucewa ta gindin taga ya ji uban yana lallashin Auta, yana tambayarta ko wannan karon farin doki take so.